Tumakin Tagulla

Duk wanda ya ga dattawa sun fito daga coci ranar Lahadi sun miƙe zuwa ɗakin baya na gidan giyar Zenzi, kowa da ɗan akwati a hammata, to mu ya gani. Ƙungiyar masu tara lambobi ke nan ta garinmu, lambobin ƙarfe irin masu kama da kwabo da hoto a jiki. Matanmu suna ce mana ƙungiyar marasa aikin yi, kuma ban taɓa jin wanda ya iya musa musu ba.

Ni Quirin Haberl, likitan haƙori ne. Lambobin tunawa da buɗe gada ko auren 'yar sarki ba su dame ni ba, duk fuskokin masu ƙiba ne suna kallon gefe. Nawa na zambo ne, irin waɗanda maƙera ke zubawa da tagulla ko baƙin ƙarfe don su yi wa manya tsiya. Ina da wadda aka yi a yunwar yaƙin duniya na farko, Mutuwa tsaye da ludayi tana raba wa mata miya. Ina da ta zamanin da kuɗinmu suka zama takardar hura murhu. Da can mutum zai sa irin wannan a tagar shagonsa, ɗan sanda ya tsaya ya yi dariya ya wuce. A shekarun da nake ba ku labari, bayan 'yan jam'iyyar nan masu riga ruwan ƙasa, maƙiya Yahudawa, sun karɓi mulki, nawa sun koma can ƙasan durowa, ƙarƙashin safunan matata.

Muna da al'ada guda wadda ta girme mu duka. In wani ya samo lambar da mai ita bai sa suna ba, sai a ɗora ta a kan farantin katako mai shimfiɗar koren karammiski, a zagaya da ita daga hagun wanda ya kawo. Kowa ya ɗauka, ya juya, ya duba da gilashi, ya faɗi wanda ya ƙera ta da hujjarsa. Ba a cewa ban sani ba, ba a tsallake kowa. Na ƙarshen magana shi ne Farfesa Aumer, abin da ya yanke kuma shi ake bugawa a 'yar mujallarmu da ake aikawa har gidajen tarihi na Munich da Berlin. Sunan da ya shiga mujallar nan ya zauna ke nan, na baya kwafa kawai za su yi.

Farfesa Aumer tsohon malamin tarihi ne, dogo, siriri, mai taurin kan tsiya. Ya yi shekaru ba ya magana da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya saboda sun saɓa a kan shekarar da aka buga wata lamba. A jana'izar matarsa sai da ya ɗaga hannu ya gyara wa fadan coci wani kuskure. Ba na son sa, shi ma ba ya so na, amma ban taɓa kama shi da ƙarya a kan tagulla ba.

Kujerar kusa da taga ta Herr Lamm ce, Bayahude mai shagon yadi, wanda ya fi mu duka ido. Wata Lahadi bai zo ba. Ta gaba ma bai zo ba, sai muka ga an liƙe ƙofar shagonsa da takarda. Ba a daɗe ba kujerar ta samu sabon mai zama, Herr Rauscher, wanda ke aiki a gidan nan na bayan tasha da ba a taɓa ɗaga labulensa. Kowa ya san 'yan sandan ciki ne a wurin. Mutum ne mai sanyin murya da ladabi, ya kuma san lambobi, wannan ba zan ɗauke masa ba. Haƙoransa farare tas, ko guda ba mai rami, ni kuwa ban cika yarda da wanda ciwon haƙori bai taɓa hana shi sukuni ba. Ranar da ya fara zuwa ya fito da wata lambar azurfa yana nuna mana. Mu da muke gane lamba ta ɗan ƙwarzanen da ke gefenta, duk mun san daga durowar wa ta fito. Muka yaba, muka miƙa masa abarsa.

Cikin kakar shekarar nan wata lamba ta fara yawo a gari. An tsinci ɗaya a jakar baiko ta coci, wata a kan bencin tasha, wata kuma, in ji masu faɗa, a aljihun kwat ɗin magajin gari. Tawa a kan kujerar cire haƙori na same ta, wani ya tashi ya bar min. A gaba tumaki ne a jere, kowace ta ɗaga ƙafar dama sama irin gaisuwar masu riga ruwan ƙasa, suna shiga ƙofar mahauta. A baya ba komai sai hannuwa biyu: ɗaya na shafa kan ɗan rago, ɗaya a ɓoye da wuƙa. Babu suna, babu shekara. Ina ganin hannuwan nan na gane su. Jijiyoyi, gaɓoɓi, har da farcen babban yatsa da ya ɗan tsage. Mutum ɗaya ne a ƙasar Bavariya yake yin hannu haka, kuma shi ke auren ƙanwata Burgi.

Na bar wani mai kumburin kunci a zaune na tafi maƙerarsa. Korbinian Stangl, muna ce masa Korbi, gajere ne mai faɗin ƙirji, gemunsa kullum da ɓurɓushin kakin zuman da yake siffanta aiki da shi kafin zubi. Na tarar da shi yana goge wata ƙararrawar shanu, don abin da ya rage masa na ci da iyali ke nan. Na rufe ƙofa na dangwarar masa da lambar.

"Korbi, kai mahaukaci ne ko ɗan iska?"

"Haba suruki, ba gaisuwa? Zaɓar min ɗaya mana, kai ne likita."

"Wannan fa?"

Ya ɗauka ya juya ta kamar bai taɓa ganin ta ba. "Kai, tumaki! Allah sarki. Ina ka samo?"

"Kar ka raina min hankali. Ka san abin da suka yi wa mai buga takardu na Titin Kogi a kan 'yar waƙa? Waƙa fa, ba tagulla ba. Kana son ka mayar min da ƙanwa gwauruwa?"

"Ni ƙararrawa nake yi wa shanu, ga ta kana gani. Su ba sa ƙorafi." Ya miƙo min ita, sannan ya riƙe gefenta bai saki ba, ya rage murya. "Amma tsakani da Allah, suruki, ko wane ne ya yi, hannun ya fita ko?"

Na fizge abata. A hanya na jefa ta kogi daga kan gada, ni da ban taɓa yar da ko maɓallin tagulla ba. Raina ya yi ta ɓaci har yamma, tsoro kuma bai bar ni na ci abinci ba.

Lahadin da ta biyo an tashi da yayyafi. Zenzi ta hura murhu, ta kawo mana giya da tsiran alade da burodi, ɗakin ya cika da warin rigunan ulu masu laima. Kusan duk mun hallara, har da Korbi, don shi ma ɗan ƙungiya ne, kuma ƙin zuwa a irin wannan lokaci ya fi zuwan haɗari. Pongratz mai gidan burodi yana ba da labarin wata lamba da ya saya a Nürnberg ta tashi jabu, ana yi masa dariya, sai Herr Rauscher ya goge bakinsa ya ce, "Frau Zenzi, a taimaka da farantin nan."

Ya zaro farin hankici ya warware a hankali. Tumakin ne.

Ana jin itace yana ƙara a murhu.

"Wani abin kunya ne ya faɗo hannuna," in ji shi. "A wurin aiki mun yi ta fama, yarana ba su san tagulla daga gwangwani ba. Sai na ce, ina da abokai masana, me zai sa in wahala? Ba da aiki na zo ba, ranku ya daɗe, yau Lahadi. Al'ada kawai za mu bi." Ya turo farantin hagunsa. Ni ne a hagunsa.

Na ɗauka, na sa gilashi a ido don kar ya ga fuskata. Na san abu biyu: duk wanda ke teburin nan ya gane hannun tun kafin farantin ya tsaya, kuma sunan da na fara faɗa shi sauran za su bi in suna da hankali. Ina bukatar maƙerin da ba za a iya kamawa ba. Sai Zierl ya faɗo min.

Zierl ya mutu a sanyin bara, bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Maƙerin lambobi ne shi ma, in za a kira abin da yake yi ƙira. Yatsun mutanensa kamar tsiran da ke gabanmu suke, dawakinsa kuma sai an rubuta a ƙasa kafin a san dawaki ne. Duk da haka shi aka ba aikin lambar bikin tunawa da kafa garinmu, aka hana Korbi, saboda Zierl ya iya durƙusa wa 'yan majalisa. Tun daga ranar Korbi bai ƙara ambatar sunansa ba sai ya tofar da yawu.

"Zierl ne," na ce. "Dubi yadda aka goge bakin da magagari. Ya yi ta kafin ya mutu, wani ya tsinci mazubin yana ta zubawa."

"Zierl," in ji Rauscher, kamar yana ɗanɗana sunan. "To, madalla. Na gaba."

Pongratz ya karɓa, ya ce shi ma Zierl, wai launin tagullar irin nasa ne. Na bayansa ya ce Zierl. Tsohon da ke kusa da murhu, wanda ko gilashin bai sa daidai ba, ya ce ai tun daga nesa ya gane. Ƙarya ta yi ta zagaya tebur tana ƙara ƙiba, kowa na ɗora mata hujja. Ban taɓa son mutanen nan kamar ranar ba.

Farantin ya iso gaban Korbi. Bai ɗauki gilashi ba. Ya kalli lambar, ya kalle ni, na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur har sai da na ji ƙashi.

"Abin da suka ce," in ji shi.

"Suna, Herr Stangl," in ji Rauscher da murmushi. "Al'ada ta ce a faɗi suna."

Wuyan Korbi ya kumbura. "Zierl." Ya ɗaga kofinsa ya shanye kamar mai kora magani.

Saura Farfesa, kuma shi nake tsoro tun farko. Mutumin da ya gyara wa fada magana a kan gawar matarsa, yau za a ce ya sa hannu a kan ƙaryar da ko ɗan koyo ba zai haɗiya ba. Ya goge gilashinsa. Ya ɗaga lambar wajen hasken taga, ya auna ta a tafin hannu, ya shinshina ta, ya bi gefenta da farce. Ya daɗe a kan hannuwan nan. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Na rantse na ga sunan gaskiya ya taso masa har maƙogwaro.

"Herr Farfesa?" in ji Rauscher. "Kai muke jira. An ce ba ka taɓa kuskure ba."

"Aikin..." Ya yi gyaran murya. "Aikin marigayi Zierl ne. Na ƙarshen rayuwarsa. Ba ni da shakka."

Ya ajiye ta ya sunkuyar da kai, ya tsufa a gabanmu a lokaci guda. Na ji kamar in tashi in rungume tsohon banzan nan. Pongratz ya ƙwala wa Zenzi kira ta ƙaro giya, wani ya fara dariyar da ba dalili. Mun tsira, haka muka ɗauka.

Rauscher bai naɗe hankicinsa ba. Ya jawo farantin gabansa, ya jingina da kujera, yana kallon lambar kamar mai kallon jaririnsa.

"To, shari'a ta ƙare, matacce ba ya zuwa kotu," ya ce. "Yanzu bari in yi magana a matsayin mai tara lambobi, tsakaninmu. Abin da ke jiki ƙazanta ne, amma aikin! Ranku ya daɗe, ashe mun zauna da gwani a garin nan ba mu sani ba. Na ga lambobin Munich, na ga na Vienna, ban ga hannu irin wannan ba. Herr Farfesa, ba za a buga hotonta ba, ka san dalili. Amma ina so a rubuta a mujalla cewa an ga aikin Zierl na ƙarshe, kuma ya nuna ba a yi maƙeri kamarsa a yankin nan ba. Zan sa baki a ajiye wannan a gidan tarihi, a ɗakin da ake kullewa, da sunansa a ƙasa. Wata rana mu duk mun mutu, masu bincike za su buɗe su ce, ga Zierl."

"Za a rubuta," in ji Farfesa da ƙyar.

"Ashe 'yan majalisa sun san abin da suke yi da suka ba shi lambar bikin gari." Ya juyo a hankali. "Herr Stangl, kai ma ka taɓa sana'ar kafin ka koma ƙararrawa, ko? Kar ka ji haushi, kowa da iyakarsa. Da ka zauna kusa da shi ka koyi yadda ake yin yatsu."

"Korbi," na ce, "tashi mu tafi, Burgi ta ce kar mu daɗe."

Bai ji ni ba. Fuskarsa ta yi jawur har kunne.

"Zierl," ya ce a hankali. Sai ya daki tebur, kofuna suka yi tsalle. "Zierl! Mutumin da in ya yi hannu sai ka ɗauka nonon saniya ne?"

"Korbi, ka sha da yawa. Yallaɓai, ya bugu ne, tun safe yake sha."

"Ban bugu ba, suruki, sake min riga! Ku dube su, masana! Launin tagulla irin nasa, in ji mai burodi. Zierl fenti yake shafawa, fenti! Wannan ruwan tsami ne da toka, a binne ta a ƙasa har ta yi duhu da kanta. Kai kuma Farfesa, ka ji kunya. Ka ga farcen nan da ya tsage? Ka san sau nawa aka narkar da kakin aka sake kafin ya fita? Ka san hannun wa aka kalla?" Ya ɗaga hannunsa na hagu ya shimfiɗa a kan koren karammiskin, kusa da lambar. Farcen babban yatsan a tsage yake.

Zenzi na tsaye a bakin ƙofa da kofuna a hannu, ta kasa shiga ta kasa komawa. Farfesa ya rufe fuskarsa da tafukansa.

Rauscher ya sunkuya ya dubi hannun, ya dubi lambar, har da sa gilashi, Allah ya isa. Sannan ya naɗe ta a hankici ya sa a aljihu.

"Na gode, Herr Stangl. Dama na ce ba Zierl ba ne, amma wa zai yi musu da Farfesa?" Ya miƙe ya ɗauki hularsa. "Ƙarasa giyarka, ba sauri. Mota na waje."

Sai a lokacin na lura da baƙar motar da ke tsaye a ƙetaren titi, ruwa na zuba a kanta. Tun kafin a kawo faranti take wurin.

Korbi bai ƙarasa giyar ba. Jan fuskarsa ya washe, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar wanda aka tasa daga barci. Na zaci zai roƙi wani abu, ko ya ba ni saƙo wurin matarsa. A bakin ƙofa ya juyo.

"Farfesa, in za ka rubuta, zuba ta aka yi, ba buga ta aka yi ba. Kar su ɓata."

Suka fita, shi da 'yar rigarsa ta zuwa coci.

Ni aka bar wa zuwa gidan Burgi. Na tarar ta ɗora tukunya, tana yanka kabeji. Ta ga ni kaɗai, ta ga fuskata, ta ajiye wuƙar.

"Wa ya faɗa, Yaya?"

"Ba wanda ya faɗa. Duk mun rufa masa, har Farfesa."

"To wa?"

"Shi da bakinsa."

Ta gyaɗa kai kawai, kamar na gaya mata farashin dankali. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta shiga ɗaki ta fito da babban kwat ɗinsa na sanyi, ta cusa safa da burodi a aljihunan, ta ce in kai masa, ai ya fita ba kaya. Na kai gidan bayan tasha, wani saurayi ya karɓa ta taga ya ce za a ba shi.

Ƙanƙara ta sauka, ta daɗe, ta narke, Korbi bai dawo ba. Da ganye ya fara tohowa suka aiko mata da kwat ɗin a ƙunshe cikin takarda, an ɗaure da igiya tsaf. Safar na nan a aljihu yadda ta sa ta.